Dabo da Rijiyar da Aka Rufe

A ƙauyen Gangara, can arewa idan ka bar hanyar Makoɗa ka bi ta cikin gonaki, ba a kiran sunan Dabo sai an haɗa da rijiya. Ubansa ne ya haƙa ta, zurfinta gaba goma sha huɗu, kuma tun Dabo yana saurayi shi ke shiga ya yashe ta duk bazara. A ɗaura masa igiya a ƙugu, ya sauka da dagi da guga, yana kwaso laka yana liƙe duk inda gefe ya fara zaizayewa, har sai idon ruwa ya buɗe. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga ƙarancin magana. Matarsa Fanta kan ce a cikin rami kaɗai yake sakin baki, don nan ne babu mai amsa masa. Shekara talatin da wani abu, Gangara ba ta taɓa kwana da ƙishi ba.

Sai aka shiga shekarun nan da kwanon gero ya gagari talaka, zaɓe kuma ya matso. Hadi, kansilan mazaɓar, yana neman komawa kujerarsa, ya iso da motar siminti da wani ɗan kwangila mai baƙin tabarau. Ya ce za a rufe bakin rijiyar da kankare a ɗora famfon tuƙa-tuƙa, mata su huta da jan guga. Tsofaffi suka ce a tambayi Dabo.

Nan fa Hadi ya nuna ya san aikinsa. Ya kama hannun Dabo a gaban jama'a ya ɗaga. "Ai ga injiniyanmu nan! Baba Dabo, kai za ka sauka ka auna mana, da hannunka za a sa bututun."

Injiniya! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin laka, ba wanda ya taɓa ɗaga hannunsa sai yau. Kansa ya kumbura, ba sai an faɗa ba. Ya dai yi tambaya ɗaya: "Ranka ya daɗe, idan an rufe, ta ina za a riƙa yasa?"

Ɗan kwangila ya yi dariya. "Baba, famfo ba ya buƙatar yasa."

Dabo ya san ba haka ba ne, ya sani sarai, amma ya biye musu. Shi ya sauka ya auna, shi ya daidaita bututu, shi ya ce wa tsofaffi su kwantar da hankalinsu. Aka zuba kankare har da rodi, aka kafa allo, aka ɗauki hoto. Gangara ta fito ƙwanta da ƙwarƙwata ta dangwala wa Hadi.

Wata huɗu famfon ya yi yana aiki. Ranar da ya lalace, hannunsa sai lilo yake yi, ko ɗigo babu. Dabo ya hau keke ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma. Aka ce ciyaman ya yi tafiya. Ya koma, aka ce injiniyan ruwa yana taro. Ya sake komawa, aka ce ya rubuto takarda. Shi kuwa Hadi tuni ya tare a Bacirawa can cikin birni, wayarsa kullum a kashe. Dagaci ya gargaɗi kowa cewa tunda an kafa allo, rijiya ta zama kayan gwamnati, wanda ya taɓa ta ya jawo wa kansa.

Bazara uku aka yi a haka. Mata suna tafiyar awa guda zuwa wani ƙauye da jarka, wanda ba shi da ƙarfi ya ɗebi na kududdufin da shanu ke sha. Gudawa ta shiga gari, ta ɗauki yara huɗu a wata ɗaya. Ba wanda ya taɓa ce wa Dabo uffan, kuma wannan ne ya fi cinsa. Ya daina zama a dandali, ya rame, idan zai je gona sai ya zagaya don kada ya bi ta wajen famfon.

Ranar da aka kai ta huɗun, wata jikar maƙwabcinsa, Dabo bai shiga gida ba daga maƙabarta. Ya aro guduma wurin maƙeri, ya nufi rijiya da rana tsaka. Fanta ta biyo shi tana cewa, "Malam, za su kama ka!" Bai ko waiwayo ba. Tun daga lokacin yake dukan kankaren nan har la'asar, tafin hannunsa ya fashe. Mata suka fara taruwa da bokiti, wasu suna guɗa. Wani ɗan koren Hadi kuma ya hau babur ya tafi kai rahoto.

Da rami ya samu daidai shigar mutum, aka ɗaura masa igiya ya sauka. A gaba ta tara ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya lalube ko'ina. Gefen da ya saba liƙewa duk shekara ya rufta gaba ɗaya, ya binne bututun da idon ruwan. Ya tona da dagi har kamu biyu, ƙasar a bushe take. Ya daɗe a tsugune a wurin, yana kuka kamar yaro.

Da aka jawo shi, 'yan sanda biyu suna tsaye a gefe suna jiransa. Bai damu da su ba. Matan nan ne ya kasa kallo, sun yi layi har bakin gona. Uwar yarinyar da aka binne da safe ce a gaba, riƙe da bokitinta.

Ta ce, "Baba Dabo, mu zura guga?"

Ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ya miƙa wa Fanta. "Ku koma gida," in ji shi. "Ta mutu. Da hannuna na rufe ta."