Makullin Tarago Ya Cire Rufin Mota

Yaya Ladi, yau da hannuna na cire wa mota rufi!

Na taso daga aiki a tashar jirgin ƙasa, sai na ga taro a ƙofar Baba Yakubu, maƙwabcinmu. Ɗansa Bulus ne ya zo daga Kaduna da wata jar mota, gajeriya, kujera biyu kacal. Asibiti zai kai tsohon, ƙafarsa ta kumbura sosai.

Baba ya leƙa ciki, ya ja baya. Ya ce, "Ni ba zan shiga akwatin gawa da raina ba!"

Bulus ya ce, "Baba, rufin yana fita." Ya duba but ɗin motar, ashe ya bar ƙarfen kwancewa a Kaduna!

Aka kira makaniki, ya gwada sifana uku, ko motsi. Ni kuwa son sani ya hana ni wucewa. Na sa kai ciki, na ga ramukan kulle rufin guda biyu, masu kusurwa huɗu ne, irin na ƙofar tarago. Na zaro makullin aikina, na murɗa ɗaya. Ƙwas! Na murɗa ɗayan. Rufi ya ɗago kamar murfin tukunya!

Mata suka sa guɗa. Baba ya shiga ya zauna, ya dubi sama, ya ce, "Kai, rana!" Ya aika aka kawo masa lema. Haka suka tafi.

Rufin kuma yana tsakar gidanmu. Bulus ya ce in kula da shi sosai, amma kafin in juya, matata ta shanya citta a kai.