Carbin Gwaggo a Ɗakin Ɓeraye

Ka taɓa ƙirga ƙwayoyin jini dubu biyu ba ka rikice ba? Aikin gwaggona ke nan shekara sha ɗaya. A ɗakin gwajinsu ana ɗura wa ɓeraye sinadarin wasu ma'adanai masu wuyar samu, a ga ko yana lalata ƙwayoyin gado. Ita ke duba jininsu a madubin likita, dubu biyu kowane ɓera.

Saura kwana uku a miƙa rahoto, na'urar ƙirgarta ta lalace, sai ta ciro carbinta. Zagaye ashirin, ɓera ɗaya. Ta gama ɓeraye sha biyu, sai abokiyar aikinta ta leƙo.

"Yaya, carbin nan ɗari ne?"

"Innalillahi! Casa'in da tara ne!"

"To kin cuci kowane ɓera ashirin!"

In lissafi bai cika ba, aikin wata uku ya tashi a banza. Gwaggo ta tsinke maɓallin rigarta, ta ɗaura a carbin ya zama ɗari. Kafin la'asar ta cike ƙwayoyi ɗari biyu da arba'in ɗin da suka rage, rahoto ya shiga kan lokaci.

Kai ma gwada: kafin ka auna komai, fara duba ma'aunin.