Ƙasar Gindin Gawo

Jiya ina sharar garken awaki, ƙanshin tsohon taki ya tuno mini da uwar mijina. Shekarar da aka kawo ni Toranke, fatake suka ba ta irin barkono daga Barno, ɗan kaɗan, in ya lalace babu wani. Na ɗebo mata jar ƙasar bayan ɗaki. Ta dunƙula, ta girgiza kai.

"'Yar nan, wannan in ta bushe shaƙe tsiro take yi. Ɗebo ta gindin gawo."

Ta cuɗa ta da rairayi da ruɓaɓɓen taki a kasko, tana shinshinawa. Duk suka tsiro, har yau irinsa nake dakawa a yaji. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sanyaya makwancinta.