Ƙwallon Muntaka a Tafkin Wagini

Shekara talatin da ɗaya Muntaka ya yi a Kaduna yana ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin wasan golf, inda ake buga ƙwallo da sanda har ya shiga rami. Da gwiwa ta gaza sai ya dawo Wagini, ba mata ba ɗa, da sanda ɗaya da ƙwallo ɗaya fari fat mai girman ƙwan zabo. Ya haƙa rami a bayan gari, kullum bayan la'asar yana bugawa yana ƙirge, shi kaɗai.

Ranar wata Talata cikin damina, bugunsa na biyu ya karkace, ƙwallon ya faɗa tsundum cikin tafkin da shanu ke sha.

Tasalla, taubashiyarsa, tana dawowa daga gona ta same shi tsaye bakin ruwa.

"Kai tsoho, aljanun ruwa kake wa gaisuwa?"

"Ƙwallona ne ciki," in ji shi. "Doka ta ce ko in buga shi inda yake, ko in ci kaina tarar bugu ɗaya, in saki wani a baya."

"To saki wanin mana!"

"Ina na gan shi?"

Ta yi dariya har ta dafa ƙugu. "Wa ya gan ka? Ɗauki goruba ka buga."

"Ni na gani, Tasalla."

Ruwan ya yi zurfi, ga laka, ba inda zai laluba. Sai ya jira rani. Wata biyar yana zuwa da sandarsa ya zauna ƙarƙashin marke, in shanu suka kutsa gefen da ƙwallon ya faɗa, sai ya tashi ya kore su, kada su tattake shi. Masu wucewa kan babur suka gaji da tsokana, suka koma ɗaga hannu kawai. Tasalla ma ta tafi Safana jinyar 'yarta.

Da ruwan ya janye, ƙasa ta tsattsage, Muntaka ya hango ƙwallon, rabinsa cikin busasshiyar laka, ya yi ja. Bai taɓa shi da hannu ba. Ya gyara tsayuwa, ya buga. Ƙwallon ya fito da ƙyar, ya gangara taku bakwai.

"Uku," ya ce da ƙarfi. "Ba a ci ni tara ba."

Ya waiwaya don a shaida masa, yadda ake yi a Kaduna. Balbela ce kawai a bakin tafkin. Ya saɓa sandarsa, ya bi ƙwallon.