Laifin da Muka Ɗora wa Ragon Suna

A cikin kwanakin da Allah ya ara mini akwai yini guda da ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Mahaliccina, wato jajiberin sunan jikana na fari.

Ɗana ya auro yarinya daga Bungudu, da cikinta ya tsufa sai ta koma gidan iyayenta kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji. Ni kuwa tun da aka yi mini albishir da cikin na ware wani farin rago a gidana na Tsafe, ina ba shi dusa da harawa da hannuna, na ce shi za a yanka, ba na kasuwa ba. Da yake da sanyin safiya ake raɗa suna, sai mun kwana a can, kuma kowa ya san a zamanin nan ba a son rana ta faɗi mutum yana kan hanya.

Wanda zai kai mu taubashina ne, ɗan gwaggona, tsohon direba mai wata doguwar mota da ta ga duniya. Mun yi furfura, amma wasan da ke tsakaninmu bai tsufa ba. Muka shimfiɗa buhu a bayan motar, muka ɗaure ragon a kai. Maiɗakina Hajiya ta zauna a tsakiya da ƙullin kayan jaririnta, ni ina gaba.

Tun kafin mu yi nisa na lura duk sanda zai rage gudu sai ya taka birki ya sake takawa. Na tambaye shi dalili.

"Halinta ke nan," in ji shi. "Tsohuwa ce, sai an gaishe ta sau biyu take amsawa."

"Wannan jar fitilar da ke ci a gabanka fa?"

"Ado ce, Malam. Kai dai ja tasbaharka, ka bar wa masu mota mota."

Muka yi dariya, na bar maganar. Yanzu in na tuna wannan dariyar sai in yi istigfari, don a bakin rami muke yin ta ba mu sani ba.

Azahar ta same mu a Gusau. Muka tsaya gindin wata darbejiya kusa da masallaci, muka ɗan sha iska. Kafin in yi alwala na zagaya baya in ba ragon ruwa, na tsuguna dab da taya. Ina miƙewa Hajiya ta ce, "Malam, dubi bakin rigarka." Farar rigar da na tanada don sunan ce, ga gefenta ya jiƙe da wani abu rawaya-rawaya, ga kuma danshinsa a ƙasa.

Taubashina ya kama ciki. "Ragonka ya sa maka albarka tun kafin jika ya sa. To mi kake dubi? Ba kai kake karantar da mu cewa fitsarin dabbar da ake cin namanta ba ya hana salla ba? Tashi mu tai."

Gaskiyarsa ne, haka hukuncin yake. Sai dai mahaifina, Allah ya jiƙansa, tun ina riƙe da allo ya hore ni da cewa kada in tsaya gaban Ubangiji da tufar da ban san abin da ya taɓa ta ba. Don haka na dangwali abin na murza tsakanin yatsuna. Santsi gare shi kamar mai. Na sansana, babu zarni ko kaɗan. Na sa hannu ƙarƙashin ragon, buhu a bushe yake ƙayau.

Na ce, "Kai bawana, zo ka wanke ragon nan daga zargi. Ba shi ya yi fitsari ba, tsohuwarka ce."

Ya zo yana murmushi, ya leƙa bayan tayar, sai murmushin ya ɗauke. Cikin tayar ya jiƙe sharkaf, abin yana ɗiga a hankali. Ya je ya buɗe gaban motar, ya nuna mini wata ƙaramar farar roba mai layi biyu a jikinta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Nan man birki yake zama. Ya sauka ƙasa da layin ƙasan, saura ɗan abin da bai fi a lasa ba.

"Bungudu ai ga ta nan," ya ce da ƙaramar murya. "In muka dama ruwan sabulu muka zuba, zai kai mu. Direbobi na yi."

Hajiya, wadda ba ta cika magana gaban maza ba, ta ce, "Jikana na zo gani, Alhaji. In wanki kake so, bari mu isa in ba ka zannuwan jego."

Na wanke bakin rigata, muka yi salla. Daga nan muka lallaba kamar masu rakiyar mara lafiya, hannunsa kan birkin hannu, zuwa wani gareji da ke bayan layin masallacin. Bakaniken dattijo ne mai fara'a. Ya ce man birki ba ya ƙonewa kamar na inji. In ya yi ƙasa haka, to yawanci wani wuri yake bi yana fita. Ya sa taubashina ya taka ya riƙe, muka ga ƙafarsa tana nutsewa sannu a hankali har ta taɓa ƙasa. Ya ɗaga motar, ya cire tayar, ya ce a sake takawa. Sai ga mai yana tsartuwa daga wata baƙar tiyo da ta tsage saboda tsufa. Da ya ji zancen ruwan sabulu, kai kawai ya girgiza.

Ba shi da irin tiyon, sai da ya hau babur ya nemo a kasuwa. Nan hankalina ya soma tashi. La'asar ta yi, muka sallace ta a garejin, inuwa tana ta tsawo, Hajiya tana duban rana tana dubana. Rago kuwa yana tuƙarsa, ko a jikinsa.

Da aka ɗaura sabuwa aka cika robar da mai, sai ya ce saura a fitar da iskar da ta shiga. Ya kwanta gefen taya yana ba da umarni, "Buga. Buga. Riƙe." Taubashina yana bi kamar sabon ɗalibi, mai yana fita da kumfa har ya koma fita garau. Na ce ashe akwai ranar da zan ga ana juya ka kana bi. Ya ce in bari ya sauka tukuna. Jar fitilar nan ta ado kuwa ta mutu.

Mun kusa Bungudu, a wata gangara, sai ga garken shanu ya faɗo titi daga cikin gona. Taubashina ya taka birki sau ɗaya, motar ta tsaya cak, hancinta dab da wata saniya mai jan maraƙi. Hajiya ta kama salati ƙasa-ƙasa. Can taubashina ya share goshi ya ce, "Yau ta amsa gaisuwa guda."

Muka shiga gari ana alwalar magariba. Da safe liman ya raɗa suna, sai na ji sunana ne aka sa wa yaron. Ɗana ya ɓoye mini. Hawaye suka zubo mini, taubashina yana ta shelar a zo a ga tsoho yana kuka. Kafin a kayar da ragon, ya dafa masa kai ya ce, "Ka yafe mana ƙazafi." Duk wurin aka fashe da dariya.

Takwarana yanzu har ya soma zuwa makaranta. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in ka ga alama, kada ka ɗora ta kan wanda ya fi kusa don hankalinka ya kwanta. Tsuguna ka taɓa, ka tabbatar. Na tsaya ne don in tsarkake rigar salla, Allah ya tsare mana rayuka da ita. Har yau ba na shiga mota sai na leƙa ƙarƙashinta, sannan in yi bisimilla.