Kalilu da Gaɓar Hajaratu

Waɗanda suka san Malam Kalilu da tsufansa sun san shi da abu biyu, raba rigima da kallon ruwa. In manomi da makiyayi suka kaure a fadama, ko masunta suka yi sa-in-sa a kan tafki, shi ake aika wa, daga Gulma har Augie. In kuwa gari lafiya, sai ka same shi a bakin gulbi ya zuba wa bado ido, kana ta sallama yana can wata duniya. Matarsa Laure takan ce rabin miji ta aura, ɗaya rabin yana wurin kifaye.

A Argungu aka haife shi, gidan masunta, shekara uku kafin zuwan Turawa. Bai san ubansa ba. Uban ya fita yaƙin nan da Kabawa suka daɗe suna yi da mutanen Gwandu, ko gawarsa ba a kawo ba. Kalilu ya tashi da tsagen Kabawa reras a kumatu, da wata tambaya da ta hana shi zama masunci na kirki. Sai ya tsaya a ruwa riƙe da homa, ragar kamun kifi, kifi na wucewa ta tsakanin ƙafafunsa, shi kuwa yana tunanin ruwan nan ɗaya ne, daga nan yake gangarawa Birnin Kebbi, garin mutanen Gwandu. Nasara ya hana harbi, an rataye baka, to gabar fa, ina ta shiga? Don ya ga tsofaffi suna haɗuwa a kasuwa su gaisa, kowa ya juya yana tofar da yawu.

Ya yi karatu wurin malaman garinsu har ya sauke littattafan da suke da su, tambayar na nan. Yana ɗan shekara ashirin da biyar ya ji labarin Malam Abdussamadu na Birnin Kebbi, wanda masu gaba kan shiga zaurensa a fusace su fito suna raka juna. Mahaifiyarsa Sadatu ta ce, “Garin waɗanda sunka kashe ubanka za ka biɗar ilimi?” Ya ba ta haƙuri, ya hau jirgin shinkafa, ya bi ruwa.

Karatun Malam Abdussamadu ba shi da littafi. Mai ƙara zai faɗi abin da ke cinsa, sai ɗalibi ya maido masa da maganar da bakinsa, ba ragi ba ƙari, har mai ita ya ce, “Hakanan na.” Sai an yi wa kowane ɓangare haka a gaban ɗan'uwansa sannan a shiga batun sulhu, sau da yawa ma kafin nan wutar ta mutu. Abin da sauƙi a baki. Shekara biyu Kalilu ya yi yana saurare kawai, sannan aka fara ba shi rigimar akuya da ta iyakar gona. Shekara takwas ya yi a zauren nan, ya yi aure a garin, bai taɓa ɗaga wa kowa zancen ubansa ba.

A shekara ta takwas ne maganar gaɓa ta taso. Jiragen Argungu masu kawo shinkafa da albasa ba su da wurin tsayawa mai tauri sai bakin gonar wata tsohuwa, Hajaratu. Ita kuwa ta rantse Bakabe ba zai taka mata ƙasa ba, don a nan aka kashe mijinta Riskuwa. Sai dai su tsaya can nesa, su ratso taɓo da kaya a ka. Alƙali ya ce gona tata ce, ba shi da ta cewa.

Malam ya kira Kalilu ya ce, “Tahi wurin Hajaratu. In tac ce maka hakanan na, ka sauke karatu. In ba ta ce ba, koma ga homarka, ban da sauran abin ba ka.”

Ya same ta a gindin tsamiya tana kaɗi. Kallo ɗaya ta yi wa kumatunsa ta juya masa baya, kuma da bayan ta ba shi labarin. Wata rana da bazara baƙo ya tsaya a ƙofarta yana jin ƙishi, fuskarsa duk tsage. Ta dama masa fura. Ya sha, ya yi godiya, ya tambayi inda maza ke ɗaure dabbobi, ta miƙa hannu ta nuna masa. Washegari da hantsi mahara suka fito ta nan daidai. Riskuwa ya faɗi a bakin ruwa da galma a hannu.

Kalilu ya gyara murya ya maido mata. Ya faɗi baƙo, ya faɗi fura, ya faɗi mahara da galma, har da zafin ranar. Shi kansa ya ji daɗin yadda ya tsara ta.

“Ba hakanan ba na,” in ji tsohuwa, ta ci gaba da murza mazari.

Ya koma bayan kwana biyu, ya ƙara wa mamaci yabo. Ba hakanan ba na. Ya sake komawa, ya yi ta zuba addu'a. Ta ce in wa'azi take so ta san hanyar masallaci. Ran nan ya ji kunya ƙwarai, ya ji tsoro kuma, don ya hango kansa a Argungu, gemu ya fara furfura, ba kifi ba karatu.

Maimakon zaure sai ya nufi gulbi. Lokacin ruwa ya cika fadama, shinkafa ta tsaya a ciki har wuya, belbelu na sauka suna tashi. Ya zauna har ya daina jin hayaniyar masu fito. Ya ga kamar mutane na tahowa a kan ruwan, masu tsage da marasa tsage, kowa da ƙwaryarsa, suna wucewa ba mai kallon wani. A cikinsu ya yi ta neman ubansa, mutumin da bai san kamanninsa ba, sai ya lura duk wanda ya zaɓa fuskarsa irin ta baƙon Hajaratu ce. Nan ya gane. Ashe abu biyu yake tsallakewa duk zuwa: tsagen baƙo, don kunyar nasa, da hannun da ta miƙa, don tausayinta. Laifi tudu ne, shi kuwa ya taka har guda biyu yana neman abin da ya ɓace.

Da la'asar ya koma. Wannan karon bai tsaya a bayanta ba, ya zagayo ya durƙusa inda dole ta gan shi.

“Inna,” ya ce, “wanda kinka ba hura namu na. Huskatai irin tawa ta. Ya sha abincinki, ya ci amanarki. Ke kuma da hannunki kinka nuna mai hanya, shekara talatin kina ganin ke kinka kashe Riskuwa. Ba ki hana gaɓa don ƙeta ba. Tsoro kike ki sake nuna ma wani hanya.”

Mazari ya tsaya. Ta daɗe tana kallon kumatunsa, layi bayan layi, kamar mai ƙirga kunyar gona.

“Hakanan na,” ta ce a hankali. “Su tsaya da jiragensu. Amma kak kowa shi roƙe ni ruwa.”

Ya yi godiya, ya yunƙura zai tashi ya kai wa Malam labari, sai ta riƙe bakin rigarsa.

“Naka fa? Wanda bai rasa kowa ba ba ya rawar murya irin wagga. Namu sunka kashe shi?”

Ya gyaɗa kai.

“Mi as sunanai?”

Shekara takwas a garin nan ba wanda ya tambaye shi sunan ubansa.

“Dankure,” ya ce, ya zauna a ƙasa yana kuka, tsohuwa na riƙe da rigarsa.