Ungozoma Mai Jarka

Sati biyu ke nan mai bincike tana zaune a lungun ɗakin haihuwa na asibiti, tana ƙirga sau nawa ma'aikata ke wanke hannu. Da sun hango littafinta, sai aikin ganin ido ya tashi.

Ban da wata tsohuwar ungozoma, gajeriya mai ɗingishi, wadda sabulu ya cinye wa hannu. Ko kallon littafin ba ta yi. Famfon ɗakin ya ƙafe, amma kullum da jarkar ruwanta take zuwa daga gida, ƙila tun tana budurwa.

Yau ta tsaya a kanta tana tsane hannu.

"'Yata, bar rubuta ni, rubuta famfon. Ni jariri bai taɓa kwasar cuta a hannuna ba."

Mai binciken ta rubuta su duka biyun.